Ba Cas Ba As: Bin Sawun Zaƙin Magana Daga Kwanar Dangora Zuwa Riruwai

Akwai wata magana da na sha ji daga 'yan sakandare a Kiru da Bebeji, wani lokaci har daga bakin malamansu: wai Bature ya iya wasa da amon kalma a hirarsa ta yau da kullum, Bahaushe kuwa maimaici kawai ya iya. Hujjarsu ba ta wasa ba ce. Sai su rubuta maka helter-skelter, da hanky-panky, da okey-dokey, su ce duba, an sauya baƙin farko, an bar sauran kalmar tana amsa wa 'yar'uwarta. Sannan su jera kaca-kaca, da faca-faca, da dumu-dumu a gefe, su ce ka gani, abu ɗaya aka faɗa sau biyu. In ka kawo musu cece-kuce ko ka-ce-na-ce, sai su ce ai wannan kwaikwayo ne, a wani harshe aka gano shi.

A kan allo maganarsu ta zauna daram. A kunne ne ta ƙi zama. Duk wanda ya taɓa jin manomin shinkafa a Tudun Wada yana cewa ya fito daga fadama faca-faca da taɓo, ya san akwai wani abu a cikin kalmar nan da ya wuce nanatawa. Tambayoyin biyu ne ke nan. Wa ya koya wa bakin Bahaushe wannan wasa? Kuma in kaca-kaca maimaici ne kawai, daga ina zaƙinta yake fitowa?

Mai bin sawu da tattara abin da ke ƙasa yake farawa. Ka hau mota a Kwanar Dangora, ka bi titin Jos ta Tudun Wada, ka ratsa dajin Falgore har ƙasar Doguwa, ka buɗe kunne kawai. Kafin ka sauka za ka tsinci cikin buhu. Direba da kwandasta sun yi sa-in-sa a kan kuɗin kaya. Ciniki ya yi kiki-kaka. Wani saurayi na zaune a gida ba cas ba as. Dillalin masara ya dawo ba uwa ba riba. Wance gaba salamun baya zalamun ce. Wane ganau ne ba jiyau ba. An kori yaro daga aiki ba gaira ba dalili. Mai rake ya ce zai ɗora kaya ko da ruwa zai sauko, komai ta fanjama fanjam. 'Yan siyasa kuma suna ta sa-toka-sa-katsi a rediyon motar. Waɗannan su ne shaidun da ke hannunmu.

Wanda aka fara zargi shi ne Turanci, kuma ya cancanci a saurare shi, don tsohon ɗan wasan ne. Hurly-burly, mai nufin hargitsi, tana bakin mutanen Ingila tun shekarun 1500, har Shakespeare ya sa ta a wasansa na Macbeth. Helter-skelter ta bayyana a rubuce wajen shekarun 1590, hocus-pocus ta masu dabo ta biyo baya a farkon shekarun 1600. Okey-dokey jaririya ce a cikinsu, 'yar Amurka ce ta shekarun 1930. A gabashin birnin Landan kuma, wajen tsakiyar ƙarni na 19, talakawan unguwa suka ƙirƙiro wani irin zaurance na amsa-amo: maimakon su ce stairs, wato matakalar bene, sai su ce apples and pears, daga baya ma su yar da rabin da ke amsawa su bar apples kaɗai, baƙo ya rasa inda aka dosa. Har ma akwai mumbo-jumbo, wadda ta shiga Turanci ta littafin wani Bature, Francis Moore, da ya zauna a Gambiya ya wallafa labarin tafiyarsa a 1738, masana da yawa kuma suna danganta ta da harshen Mandinka. A wannan kalma dai Bature ne ya ci bashi a Afirka ta Yamma.

To amma yaushe Turanci ya iso nan? Sojojin Ingila sun ci Kano a watan Fabrairun 1903. Baturen nan Ɗan Hausa ya buɗe makarantarsa ta Nasarawa a 1909. A kudancin Kano kuwa, in ka cire wuraren haƙar kuza na Riruwai inda kamfanonin Turawa suka zauna, an daɗe ƙwarai kafin talaka ya riƙa jin Turanci a kullum. Yanzu ɗauki sa-toka-sa-katsi ka shinshina. Warin marina take yi. Toka da katsi kayan haɗin rijiyar baba ne, katsi kuwa lakar gindin rijiyar ce da ake kwashewa a busar a ƙone. Ko ba a faɗa maka ba, kana iya ganin marina biyu a bakin karofi, wannan na cewa a ƙara toka, wancan na cewa a ƙara katsi. Marinar Ƙofar Mata ana danganta kafuwarta da 1498. Baturen matafiyi Barth ya iske rini yana cikin manyan arzikin Kano a 1851, garuruwan kudu irin su Kura kuma su ne suka yi suna da turkudi har Sahara. Haka ba uwa ba riba, da ba ni gishiri in ba ka manda, maganar fatake ce. Bebeji kuwa zangon fatake ce tun da can: wani Baturen matafiyi, Clapperton, ya ratsa ta a 1826 kan hanyarsa daga Zariya zuwa Kano ya tarar da babban gari, kuma a cikinta aka haifi Alhassan Ɗantata a 1877, a gidan Agalawa masu safarar goro daga Gwanja. Waɗannan mutane ba su jira Ɗan Hausa ba kafin su iya magana.

Akwai wata shaida ƙarama da ta fi burge ni. A Yaƙin Duniya na Biyu Turanci ya haifi walkie-talkie, kalma mai cikakken amsa-amo irin nasu. Da na'urar ta zo ƙasar Hausa, da Bahaushe mai kwaikwayon wannan salo ne, da ya karɓe ta hannu bibbiyu. Bai karɓa ba. Ya saurari abin da ɗan sanda ke faɗa a cikinta, ya raɗa mata oba-oba. Turanci ya fita daga zargi.

Na biyu shi ne Larabci, kuma shi kam an kama shi da kaya a hannu. Gaba salamun baya zalamun ba ta iya ɓoye asalinta. Wannan “un” ɗin tanwini ne, irin wanda ɗan makarantar allo ke rerawa da asuba. Salamun aminci ne, zalamun kuwa duhu, daga tushen da ya ba mu zalunci. Gaira ta ba gaira ba dalili ita ma Balarabiya ce. Larabawa ma suna da nasu wasan mai suna itba'i, inda ake goya wa kalma wata 'yar rakiya mai amonta, ko da ba ta da ma'ana ita kaɗai, kamar hasan basan ko shaiɗan laiɗan. Malamin lugga Ibn Faris, wanda ya rasu wajen 1004, littafi guda ya rubuta a kan haka. Sannan babu mai musun cewa ƙafiyar rubutacciyar waƙar Hausa daga ƙasidun Larabci ta zo. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da 'yarsa Nana Asma'u da almajiransu sun ɗauki tsarin baiti da amsa-amonsa suka zuba wa'azi a ciki, malaman da suka biyo baya suka ɗora.

Da a nan aka rufe shari'a, da an ce Larabci ne ya koya mana. Sai dai wani abu ya hana. Makaɗan baka, waɗanda su ne tsofaffin ma'abota zaƙin harshe a ƙasar nan, ba su dogara da amsa-amon ƙarshen layi ba. Saurari Narambaɗa, ko Ɗanƙwairo, ko Shata. Za ka yi ta bin layukansu ba ka tarar da ƙafiya ɗaya da aka tsare daga farko har ƙarshe ba, kuma ba wanda ya taɓa cewa waƙarsu ba ta da daɗi. Mawaƙan situdiyo na yanzu irin su Aminu Ala su ne suka riƙe ƙafiya gam, don daga rubutacciyar waƙa suka sha. Ga kuma Maguzawan ƙauyukan Kiru da Tudun Wada, waɗanda kakanninsu ba su zauna gaban alaramma ba, amma cece-kuce da ja-in-ja da kaca-kaca suna bakinsu kamar kowa. Larabci ya ba da wasu kalmomi, ya ba da ƙafiyar malamai. Bai ba da kunnen da ke jin daɗin abin ba.

A nan sai an koma an ƙirga. Kusan kowace kalmar Hausa ta asali da wasali take ƙarewa. Wasulan biyar ne, kowanne da dogo da gajere, sai tagwaye biyu, “ai” da “au”. Bugu da ƙari, kusan duk sunan da ke jinsin mace da “a” yake ƙarewa: gona, rana, kaza, gyaɗa, kasuwa, shinkafa, mota. Wato in amsa-amo shi ne kawai ƙarshen kalma ya yi daidai da na wata, to Bahaushe yana yin sa sau ɗari a wuni ba da niyya ba. Mai cefane da ya ce a sayo masa albasa da kuɓewa da daddawa bai yi wata fasaha ba. Turanci kuwa kalmominsa da tarin baƙaƙe iri-iri suke ƙarewa, samun biyu masu amsa wa juna sai an nema, shi ya sa in an samu kunne ke zabura. Abin da ke da tsada a Landan, a Kano araha ne, araha kuwa ba ta ado. Wannan ne ma ya sa marubuta waƙoƙin Hausa ba su yarda da wasali kaɗai a matsayin ƙafiya ba, sai gaɓar ƙarshe sukutum, baƙi da wasalinsa.

Da wannan ƙirga sai rabin shaidunmu suka buɗe baki. Dubi waɗanda ke amsa wa juna a ƙarshe: cas da as, salamun da zalamun, ganau da jiyau. Dukkansu sun kauce wa ƙarshen da kowa ke da shi. Sun zaɓi “s”, da “n”, da “au”, ƙarshen da ba a cika samu ba. Ba mai tsayawa ya tambayi mene ne cas, mene ne as. Aikinsu su tsaya wa kunne cak a cikin zance mai gudana da wasula. Sauran kuma gaba suka koma suka kafa amonsu: sa-toka-sa-katsi, ba sani ba sabo, ba tsuntsu ba tarko, ba yabo ba fallasa. Kiki-kaka ta riƙe baƙaƙenta ta sauya wasula. Ashe Bahaushe ya san wasan sarai, wurin da yake buga shi ne ya bambanta.

Saura masu taurin kai: kaca-kaca, faca-faca, dumu-dumu, buzu-buzu, jina-jina, tsamo-tsamo. Ba baƙin da ya sauya, ba wasalin da ya motsa. Ido ya duba ya sake dubawa, bai ga komai ba.

To a ajiye ido. Rufe bakinka, ka faɗi maza-maza ta hanci, ba tare da ka furta baƙi ko wasali ba. Za ka ji muryarka ta tafi a miƙe, sama take daga farko har ƙarshe. Yi wa kaɗan-kaɗan haka: ƙasa, sama, ƙasa, sama, rabin biyu ya kwafi rabin farko tsaf. Wannan shi ne maimaici na gaskiya. Yanzu yi wa kaca-kaca. Rabin farko yana sama, rabin biyu ya sauko ƙasa gaba ɗaya. Gwada faca-faca, haka. Dumu-dumu, haka. Jina-jina, haka. Kamar luguden mata biyu a turmi ɗaya ne, taɓaryar wannan na sama, ta waccan na ƙasa. Gwada furta rabin biyun da murya ɗaya, ka ji yadda kalmar ke mutuwa a bakinka, ta koma irin Hausar baƙon da ya koya daga littafi.

Ga ɓarawon ya fito, kuma tun farko yana tsakar gida: karin sauti ne. Inda Bature ke riƙe kalma ya sauya baƙin farko, Bahaushe yana riƙe baƙaƙe da wasula duka, ya sauya hawa da saukar murya. Dabara ɗaya ce, a maimaita abu a kuma canza masa wani ɓangare guda, don kunne ya sami abin da ya zata tare da abin da bai zata ba. Kuma ba tsautsayi ba ne da ya faɗa wa kalmomi biyar ko shida. Ƙa'ida ce mai rassa. Duk jam'in siffofin nan na kambamawa a kanta suke tafiya: maka-makan gidaje, tiƙa-tiƙan bijimai, zabga-zabgan raken da ake lodawa a ƙasar Doguwa, santala-santalan 'yan mata. Sama, sannan ƙasa. Paul Newman ya bayyana wannan tsari a babban littafinsa na nahawun Hausa da ya fito a 2000, amma tsohuwar da ke sayar da daddawa a kasuwar Burum-Burum ba ta taɓa kuskure shi ba ko sau ɗaya.

Me ya ɓoye shi har 'yan makaranta suka kasa gani? Rubutunmu ne. Ƙa'idojin rubutun boko da aka fara tsarawa tun zamanin Ɗan Hausa, aka yi ta gyarawa har aka shigo da ƙ da ɗ da ɓ masu lanƙwasa a shekarun 1930, ba su tanadi alamar karin sauti ko tsawon wasali a rubutun yau da kullum ba. Sai a ƙamus irin na Bargery na 1934 ko na Abraham ake nuna su. Ban ga laifin wannan ba, don Bahaushe na karanta jarida lafiya lau ba tare da alamomin ba. Amma sakamakonsa shi ne maza-maza da kaca-kaca sun zama iri ɗaya a takarda, alhali a baki ba su haɗa hanya ba. Yaron da aka koya wa amsa-amo a matsayin harafin ƙarshen layi kawai, aka kuma gwada masa Turanci a gefe, dole ya ɗauka harshensa ne ya gaza. Wannan yana damuna ƙwarai, don raini ne da aka gina a kan abin da alli bai iya rubutawa.

Bai kamata a yanke hukunci da shaida ɗaya ba, don haka ga wasu. Ɗauki mahaƙurci mawadaci, wadda kowace uwa ta taɓa faɗa wa 'yarta. Ido zai ce “ci” da “ci” ne suka amsa wa juna. Kunne ya san abin ya fi haka nisa. Kowace kalma gaɓa huɗu ce. A kowacce, biyun farko marasa nauyi ne, biyun ƙarshe masu nauyi. Karin kowacce kuma sama, ƙasa, ƙasa, sama. Ba gaɓar ƙarshe kaɗai ke amsawa ba, kalmar ce gaba ɗayanta ta hau kan 'yar'uwarta ba ragi ba ƙari, domin ƙirarsu ɗaya, ta sunan mai aikata abu. Ganau da jiyau ma haka suke, ƙasa sannan sama, ƙirar da ta ba mu Mantau da Makarau.

Shaida ta gaba tana rataye a kafaɗar makaɗin mahauta. Kalangu ba shi da baƙi, ba shi da wasali. Abin da yake da shi kawai shi ne matse tsarkiya a hammata murya ta hau, a sassauta ta sauka, da tsawaita bugu ko gajarta shi. Da waɗannan biyun kaɗai makaɗi ke buga taken mutum a ranar kasuwa, mai taken ya jiyo daga rumfarsa ya san da shi ake. In kari da nauyin gaɓa sun isa su kira mutum da sunansa, to sun isa su ɗauki zaƙin magana. Ko rubutacciyar waƙa, wadda muka ce ƙafiyarta aro ce, ba ta tsira ba. Marigayi Farfesa Ɗalhatu Muhammad na Jami'ar Ahmadu Bello, wanda ya yi digirinsa na uku a kan waƙoƙin Aƙilu Aliyu, ya wallafa nazari a 1980 yana nuna cewa akwai mawaƙan Hausa da ke daidaita karin sautin ƙarshen layukansu, ƙari a kan ƙafiyar da suka gada daga Larabci. Ba malamin aruli da ya shar'anta musu haka.

Abin da ya rage shi ne ƙarfin da irin wannan magana ke da shi a kan mutane, kuma nan ne nake ganin ya kamata a yi hattara. A 2000 wasu masana halayyar ɗan Adam biyu a Amurka, Matthew McGlone da Jessica Tofighbakhsh, sun ba mutane jerin karin maganar Turanci da ba a saba ji ba, wasu da amsa-amonsu, wasu an sauya kalma guda an kashe amon amma ma'ana na nan. Mutanen suka fi gaskata masu amon. Da aka ja hankalinsu su raba daɗin lafazi da gaskiyar zance, sai bambancin ya ragu. Abin da ya zo wa kunne da sauƙi, zuciya takan ɗauke shi gaskiya. Mu ma mun san haka a aikace. A zauren dagaci, bayan an sha ka-ce-na-ce a kan iyakar gona, dattijo ɗaya zai ce, “Ɗana, mahaƙurci mawadaci,” sai kowa ya yi shiru kamar an kawo hujja. Sau da yawa alheri ne, an kashe wutar da za ta ci zumunci. Wani lokaci kuma wanda aka zalunta ne aka rufe wa baki da kalmomi biyu da ba ya iya mayar wa martani, don ba shi da wasu biyun masu daɗinsu.

'Yan siyasar Kano sun fi kowa sanin wannan. Kwankwasiyya ta ɗauki ɗafin “iyya” na Ƙadiriyya da Tijjaniyya ta liƙa wa sunan mutum, sai tafiyar ta sami amon ɗariƙa tun kafin a tambayi manufarta. Da Kwankwaso da Ganduje suka raba gari a 2016, ɗaya ɓangaren bai tsaya neman sabon salo ba, Gandujiyya ya ce, don ya amsa wa abokin hamayya da irin muryarsa. A mazaɓar Kiru da Bebeji, da ta Doguwa da Tudun Wada, an yi shekara da shekaru ana jifan juna da sunayen nan biyu a majalisun shayi. Ɗafin na Larabci ne, sunayen na Kano ne, kuma duka biyun a kan kari ɗaya suke sauka, “iy” a sama, “ya” a ƙasa.